Taswirar unguwannin birnin Kano: a ja layi ko kada a ja?

Ɗan Yakasai: Assalamu alaikum 'yan zaure. Duk mai waya ya buɗe Google Maps ya leƙa cikin badala, wato tsohon birni da ganuwa ta kewaye. Kurmi na nan, Gidan Sarki na nan, titunan kwalta duk sun fito ras. Amma unguwannin fa? Sunaye 'yan ƙalilan ne, wasu ma an ɗora su inda ba nan suke ba, lunguna kuwa da yawa ko alamarsu babu. Turawa tun 1955 suka kafa wata hukuma ta tarihin birane, daga baya ta tsara yadda za a riƙa fitar wa kowane tsohon gari kundin taswirorinsa, kuma zuwa yau an yi wa garuruwa fiye da 500. Na ƙasar Ayalan ne na fi dubawa. Cibiyar Royal Irish Academy ta fara aikin a 1981, kundin farko na garin Kildare ya fito a 1986. Kowane kundi yana da babbar taswira a ma'aunin 1:2500, wato santimita ɗaya a takarda mita 25 ce a ƙasa, sai kwafin tsofaffin taswirori, sai jerin kowane titi da kowace kasuwa da shekarar da aka fara ganin sunan a rubuce. Garuruwan da ake yi wa wannan hidima wasunsu ba su kai Fagge yawan jama'a ba. Shawarata ita ce mu a zauren nan mu fara na Kano, mu ɗauki hoton tauraron ɗan'adam mu ja wa kowace unguwa iyakarta. Me kuka gani?

Bazazzage: Wa alaikumus salam. Kanawa za su zana gari? To ku tabbata kun sa farashi a jikin kowane lungu, don na san kafin tawada ta bushe wani ya yanka shi shaguna.

Ɗan Yakasai: Kai dai bawa ba ka rabo da surutu. Idan mun gama na iyayen gidanka ma zo mu yi muku daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, rabin yini ya isa.

Malama 'Yar Madabo: Ƙanina, niyyar ta yi kyau, amma kada a ɗauka daga babu za a fara. Kano tana cikin biranen Afirka ta Yamma da aka fi zanawa tun kafin zuwan mulkin Turawa. Clapperton, Baturen Birtaniya mai yawon bincike, ya shigo a Janairun 1824, littafin tafiyarsa da abokansa da ya fito a 1826 yana ɗauke da zanen birnin. Ya ƙiyasta kewayen ganuwa mil 15, ya ƙirga ƙofofi 15, ya ce mutanen garin tsakanin 30,000 ne da 40,000. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a bayaninsa shi ne cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba. Sauran gonaki ne da lambuna da fadama.

Sai Barth, Bajamushe mai yawon bincike, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo a Fabrairun 1851. A unguwar Dala aka sauke shi, ya hau dutsen ya zana garin daga sama, ya kuma bi unguwanni yana rubuta sunayensu. Za ka ga Dala da Madabo da Adakawa da Koki a arewacin Jakara, ka ga Marmara da Agadasawa da Yola a kudancinta. Rubutunsa na sunayen a karkace yake, kunnen Bajamushe ne, amma duk ɗan birni zai gane yawancinsu. Ka ga kenan muna da jerin unguwanni mai shekara fiye da 170. Abin da Barth bai yi ba shi ne abin da kake son yi. Bai ja wa kowace unguwa layi ba. Suna ya ajiye a wurin da ya ji ana kira da sunan.

Ɗan Yakasai: Yaya Malama, ai rashin kayan aiki ne ya hana shi. Da taku da agogo da kamfas yake awo. Mu yanzu muna ganin rufin kowane ɗaki.

Baba Mai Safiyo: Yaro, bari in sa baki, tunda awon ƙasa na ci abinci da shi har na ajiye. Rufin ɗaki kake gani, ba ka ganin wanda mai ɗakin yake kai wa gaisuwa. Unguwa a cikin birni jerin magidanta ce da ke ƙarƙashin mai unguwa ɗaya. Da can idan lokacin haraji ya yi, mai unguwa yana da takardar sunayen mutanensa, gida-gida. Wanda ke cikin takardarsa nasa ne. Sai ka tarar da lungu guda, gidajen hannun dama na wannan mai unguwa ne, na hagu na wancan, can ƙurya kuma akwai gida ɗaya tilo da ke bin wata unguwa ta uku, saboda kakan masu gidan daga can ya taso ya ƙi sauya uban gida. Ina za ka bi da layinka?

A bayan gari aikinmu mai sauƙi ne. An yanka fuloti, an kafa siminti a kusurwa huɗu, an ba shi lamba, an shigar a fayil. A cikin badala yawancin gidaje gado ne. An raba, an sayar da ɗaki biyu, an toshe wata ƙofa an fasa wata ta baya. Da zarar ƙofar gida ta koma wani lungu, nan da shekara ashirin yaran gidan sun zama 'yan waccan unguwar a bakin kowa.

Idan da gaske kuke, takardun harajin nan za ku nema. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali da ya hau a 1979, daga nan aka daina sabunta su. Abin da ya tsira yana iya kasancewa a gidajen masu unguwanni, ko wajen wakilan fuskoki huɗu, Gabas da Yamma da Kudu da Arewa, ko a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Kada kuma ku raina aikin malaman taki na zamanin En'e. Gonaki suka fi aunawa don yanka haraji, amma suna cikin 'yan ƙasa na farko da suka riƙa mayar da ƙasar Kano lissafi a takarda.

Gardin Tsangaya: Allah ya saka wa Baba da alheri. Ni abin da ya ɗan tsaya mini shi ne yadda aka fara maganar da Turai, kamar su suka ƙago rubuta tarihin unguwa. Malaman Musulunci suna da fanni guda a kan wannan, ana ce masa khiɗaɗ. Maƙrizi, malamin tarihi na Masar wanda ya rasu a 1442, ya bi Alƙahira unguwa-unguwa, kasuwa-kasuwa, masallaci da makaranta da gidan wanka, yana faɗin wanda ya gina, da yadda ake kiran wurin a da, da abin da ya koma a zamaninsa. Babu zane ko ɗaya a ciki, duk da baki ne. A shekarun 1880 Ali Mubarak ya sake yin irinsa juzu'i 20. Da Faransawa suka mamaye Masar a 1798 injiniyoyinsu sun zana Alƙahira da awo na gaske, da jerin sunayen lunguna. Masu binciken yau haɗa biyun suke yi: zanen Faransawa ya nuna musu inda, Maƙrizi ya gaya musu mene ne kuma na wane ne. Mu rabin aikin irin na Maƙrizi ne ya fi yi mana gaggawa, domin hoton sama ba zai gudu ba, dattawan da suka san labarin kuwa kullum rakiyarsu muke yi zuwa makwanci.

Ɗan Yakasai: Allah gafarta Malam, ban ce su suka ƙago ba. Na kawo su ne don tsarinsu a bayyane yake, kowa na iya kwaikwaya. Amma ni har yanzu ban ga dalilin gudun layi ba. Taswirar da ba iyaka ai zanen ado ce. Ɗalibi a Jami'ar Bayero zai so ya ce mutum nawa ne a Sheshe, rijiya nawa ce a Mandawari. Ba iyaka, ba lissafi.

Lauyan Zaure: Ni kuwa layin ne yake ba ni tsoro, kuma ba don ilimi ba, don abin da nake gani a kotu. Duk takardar da ta fito da tambari da ma'auni, gobe wani zai ɗauko ta ya ce hujja ce. Rikicin filin makaranta, rikicin wanda ya cancanci limanci, rikicin gadon sarautar mai unguwa, har da na rabon kayan tallafi. Ku kun zana don tarihi, shi zai kawo ta don ya ƙwace kangon marayu.

Kuma ba sabon abu ba ne. A Amurka a shekarun 1930 wata hukumar lamunin gidaje ta gwamnati ta zana birane sama da 200, ta kasa unguwanni mataki huɗu, ta shafa wa na ƙarshe jan launi da sunan masu haɗari ne ga mai ba da bashi. Unguwannin baƙaƙen fata kusan duk ja aka shafa musu. Har yau masu bincike suna ɗora waccan taswira a kan ta talauci suna ganin sun yi kama. Mu ma nan an yi mana. Bayan 1903 Turawa suka zauna Nasarawa da Bompai, aka yanka Sabon Gari a 1913 don baƙin da jirgin ƙasa ya kawo, tsarin Lugard kuma ya ce a bar fili yadi 440 ba gini tsakanin mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa. Da fensir aka fara raba mutanen nan kafin a raba su da bulo.

Malama 'Yar Madabo: Barista, misalanka biyu duk hukuma ce ta ja layi don ta zartar da hukunci a kan mutane. Namu na masu neman sani ne. Ba na so tsoro ya sa mu bar aikin gaba ɗaya, don rashin taswira ma yana da nasa ɓarnar. Ganuwar nan da littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ya fara, aka faɗaɗa ta zamanin Muhammadu Rumfa, aka ƙara zamanin Muhammadu Nazaki a ƙarni na 17, tana cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa hukumar UNESCO tun 2007 don neman a sa su cikin kayan tarihin duniya. Ka zagaya yau ka ga abin da ya rage. An rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi. Da ba don H. L. B. Moody ya bi ganuwar da ƙofofinta ya rubuta a ƙarshen shekarun 1960 ba, da Farfesa Bawuro Barkindo da ya yi nazarin ƙofofin daga baya, da yanzu gardama kawai za mu riƙa yi a kan inda wasu sassan suka bi. Abin da ba a auna ba, ranar da aka cinye shi ba mai iya cewa ga girmansa.

Lauyan Zaure: Malama, a kan ganuwa ba mu da saɓani. Ganuwa abu ce mai jiki, a auna ta har inci. Kududdufi ma haka, maƙabarta ma haka. Iyakar unguwa ce ba ta da jiki, ku ne za ku yi mata.

Baba Mai Safiyo: Tunda an ambaci kududdufi, ku riƙe wannan da kyau. Birnin nan da ƙasarsa aka gina shi. Duk inda aka yi unguwa sai an haƙi ƙasar yin tubali, ramin ya zama kududdufi, ruwan damina ya sami wurin kwanciya. Saboda haka kududdufi yana gaya maka abu biyu: a nan kusa an yi gini mai yawa tun da, kuma nan ruwa yake nufa. An cike su da shara an yi gini a kai, shi ya sa unguwannin da ba su san ambaliya ba yanzu suke kwana tsaye a watan Agusta. Ita kanta Jakara, wadda Clapperton da Barth duka suka zana ta raba gari biyu, yau yaro zai bi ta kan titi bai san da ruwa a ƙarƙashinsa ba.

Akwai hotunan sama da za su taimake ku. Wani matuƙin jirgi ɗan Suwizalan, Walter Mittelholzer, ya ratso ta Kano wajen 1930 ya ɗauki birnin daga sama, hotunan suna ɗakin karatu na jami'ar ETH a Zurich kuma an sa su a intanet. A karkace aka ɗauke su, ba za a yi awo da su kai tsaye ba, amma za ka ga soraye da kududdufai da filayen da babu kowa. Sai kuma taswirorin da ke cikin tsarin raya Kano na shekara ashirin, 1963 zuwa 1983, wanda Trevallion ya jagoranta. Ku jera su: Barth, hotunan 1930, na 1963, na yau. Wannan jerin shi ne kundin, ba taswira guda ba.

Na Damagaram: Salamu alaikum mutanen Kano, ku ba baƙo wuri. Mu a Zinder gari biyu ne tun asali, Birni inda fadar Sarkin Damagaram take, da Zango inda fatake da Buzaye suke sauka. Sarki Tanimun ne ya kewaye Birni da garu. Faransawa suka ci garin a 1899, daga baya ya zama babban birnin mulkinsu har 1926 da suka koma Yamai. Abin da na lura, taswirar Nasara ta san bariki da sababbin kartiye masu layi miƙaƙƙe sarai, amma Birni sai ta bar shi dunƙule kamar abu guda, alhali mu mun san ƙofar wane da ƙofar wane. Ku dubi Agadas kuma. Barth ya zana ta a 1850 kafin ya iso gare ku. Da aka sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013, takardun sun nuna unguwanni 11 masu siffa a karkace, aka ce sun samo asali daga yadda ƙabilun Abzinawa suka kafa zangonsu. Can an ja layi kuma sama ba ta faɗo ba. Sai dai irin wannan aiki da sarki da masu unguwanni ya kamata a yi shi, ba daga kwamfuta ba.

Bazazzage: Na Damagaram, ka yi a hankali da ba Kanawa shawara, kada su tuna muku yaƙin da kuka kawo musu har bakin ganuwa su ce ku biya diyya.

Maman Hanif: Ni ma'aikaciyar lafiya ce, bari in faɗi abin da na sani daga aikin rigakafin shan inna. Da farko kowace tawaga da hannu take zana taswirar yankinta, ga masallaci, ga bishiya, ga gidan mai unguwa. Matsalar ita ce tsakanin zanen wannan tawaga da na waccan sai a sami gidajen da kowa ya ɗauka na ɗan'uwansa ne, yara su wuce ba a ɗiga musu ba. Daga baya aka kawo taswirar tauraron ɗan'adam da wayoyi masu nuna inda aka taka, aka gano rugage da ƙauyuka da ba sa cikin lissafin kowa. Wannan ya taimaka ƙwarai, kuma Kano ba ta sake samun asalin nau'in cutar, wanda ake kira na daji, ba tun 2014. To ka ga amfanin layi, Barista, don rashinsa yaro yake shanyewa.

Amma a cikin birni wayar ruɗewa take yi. Lungu ya matse, katanga ta yi tsawo, sai ɗigon ya yi tsalle ya faɗa bayan gida uku. Abin da ke fitar da mu shi ne wakilin mai unguwa da ke tafe da mu. Shi zai ce nan ne ƙarshen namu, wancan zauren na mai unguwar gaba ne. Wato layin yana nan, a kansa yake.

Abu na biyu, duk ku maza kuna maganar mai unguwa da haraji. Mata ba haka muke gane gari ba. Mu da gidaje muke kwatance: gidan masu gurasa, gidan mai kitso, gidan da ake saukar amare, gidan unguwarzoma. Akwai ƙofofin da ke tsakanin gida da gida waɗanda mace za ta bi ta ratsa rabin unguwa ba ta fito titi ba. Yarinya mai talla ta fi kowane injiniya sanin wane lungu ne yake ɓullewa, wane ne ba ya fita. In za a yi tambaya a shiga cikin gida, kada a tsaya a zaure.

Lauyan Zaure: Hajiya, hujjarki ta shan inna ta fi duk wadda aka kawo mini ƙarfi, na karɓa. Amma ƙofofin cikin gida kam kada a sa su a abin da za a watsa. Taswirar da za ta nuna wa ɓarawon waya hanyar tsira ba ma buƙatarta.

Maman Hanif: Wannan gaskiya ne. A rubuta cewa akwai su, kada a nuna inda suke.

Malama 'Yar Madabo: Bari in koma kan abin da ya sa nake ganin sunaye sun fi layi daraja a Kano. Jerin unguwannin birni shi ne rajistar baƙin da suka gina garin. Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Ayagi ta Yarabawa, Dandalin Turawa inda Larabawan Arewacin Afirka suka zauna. Madabo tamu tana da alaƙa da Wangarawa malamai da Tarihin Kano ya ce sun zo daga Mali zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14. Sharifai tana komawa ga zuriyar Shehu Magili da ya zo zamanin Rumfa. Wasu kuma sana'a ce ta ba su suna: Soron Ɗinki, Dukawa, Lokon Maƙera. Wasu sarauta: Galadanci, Tudun Wazirci. Bayan jihadi gidajen Fulani suka zauna a nasu sassan, irin su Yola da Dambazau. Koki da kewayenta kuwa ba a maganarsu sai an ambaci fataken goro na hanyar Gwanja, can Alhassan Ɗantata ya kafa gidansa.

Idan kundin ya ce ga Dukawa, ya kamata ya faɗa ko har yanzu ana aikin fata a wurin, in an daina yaushe, masu yi ina suka koma. Wannan shi ne abin da jikokinmu za su nema.

Sannan a kiyayi haɗa unguwa da mazaɓa. Unguwannin cikin badala sun haura ɗari, an kuma raba su tsakanin ƙananan hukumomin Birni da Dala da Gwale. Ƙaramar hukumar Birni mazaɓu 13 gare ta, wasunsu ma a wajen ganuwa suke, kamar Sharaɗa. Mazaɓar Yakasai ko ta Sheshe ta haɗiye unguwanni da dama ta ba su sunan guda. Yaran yanzu da katin zaɓe suke sanin sunan unguwarsu, ƙananan sunaye suna mutuwa a hankali.

Ɗan Yakasai: Wannan na mazaɓa ya taɓa ni, don ni kaina a intanet iyakar mazaɓu kawai na samu, na kusa ɗaukarta a matsayin ta unguwanni. To ga abin da nake gani yanzu. Abubuwa masu jiki, ganuwa da ƙofofi da kududdufai da masallatai da marina irin ta Ƙofar Mata, a auna su sosai a ɗora a OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa zai iya gyarawa. Unguwa kuma a sa sunanta a tsakiyarta, a shafa launi mai dusashewa zuwa gefe, inda biyu suka haɗu launukan su cakuɗe. Ba layi mai kaifi.

Baba Mai Safiyo: Launi mai dusashewa wayo ne na wanda ba ya son a kama shi. Ni na fi son ɗigo. Kowane gida ka tambayi mai shi, kai ɗan wace unguwa ne, wane ne mai unguwarka. Ka sa ɗigo mai launin amsarsa, ka rubuta shekarar da ka tambaya. Inda amsa ta rabu, ɗigogin za su nuna da kansu, ba kai ka yanke ba. Aiki ne mai cin rai, amma shi ne na gaskiya. Kuma tambayoyin biyu ne fa, kada ka haɗe su, don za ka sha mamakin yawan wanda zai ba ka sunan unguwa ɗaya ya kuma ba ka mai unguwar wata.

Lauyan Zaure: Baba, ɗigo a kan gidan mutum da amsarsa ai ya fi layi haɗari in ya fita. Sai dai a ajiye na gida-gida a ma'ajiya, a fitar da na lungu-lungu. Kuma a rubuta a jikin kowane shafi cewa wannan ba shaidar mallaka ba ce, ba kuma hukuncin masarauta ba.

Gardin Tsangaya: A ƙara da isnadi. Duk labarin da aka rubuta a ce daga bakin wa aka ji, shi kuma daga wa, in ya yarda a ambace shi. In ruwaya biyu ta saɓa a kan asalin unguwa a kawo duka biyun. Na san unguwannin da in ka ce ga wanda ya fara sara, gida uku za su taso maka. Kuma a rubuta sunayen da ajami a gefen boko, don tsofaffin takardun cinikin gida da na gado da shi aka rubuta su, mai neman suna a cikinsu sai ya san yadda alƙalan da suke rubuta shi.

Bazazzage: Wasa a gefe, in kun fitar da tsarin tambayoyin ku turo mini. Birnin Zariya ma abin da ke cin ganuwarku yana cin tamu.

Shugaban Zaure: Jama'a an gode. Kada abin ya tsaya a surutu. Birni gaba ɗaya ya fi ƙarfin zauren nan, a ɗauki unguwa ɗaya a gwada. Malama ta ce za ta yi magana da dattawan Madabo, kuma tunda sunan yana cikin jerin Barth muna da inda za mu kafa ƙafa. Ɗan Yakasai ya haɗa hotunan sama da tsofaffin taswirori. Maman Hanif ta samo mata biyu da za su shiga cikin gidaje. Barista ya rubuta mana takardar neman izini. Maganar layi ko ɗigo ko launi a bar ta sai an ga abin da mutanen unguwar suka ce.

Ɗan Yakasai: Na karɓa, ranka ya daɗe. Akwai abokina mai ƙaramin jirgin ɗaukar hoto, zai iya zuwa ranar Asabar mu ɗauki unguwar daga sama.

Baba Mai Safiyo: Kul. Ka tashi wannan abin a kan tsakar gidajen mutane, matan aure suna aiki, ka ga ko za ka fita da shi lafiya. Hoton tauraro ya ishe ku a yanzu. Ranar Asabar ku sa manyan kaya, ku sayi goro, ku fara da gaida mai unguwa, shi zai ce muku ko sai an je wajen wakilin fuska kafin a fara. Ku taho da tef mai mita 50 da littafi mai bango, ni zan zo da kujerata in zauna a bakin masallaci in duba abin da kuke rubutawa.

Lauyan Zaure: Takardar za ta iso daren Juma'a. Amma a rubuta a ajiye cewa ni har yanzu ban yarda a buga iyakar kowace unguwa ba, ko da mai unguwa ne ya nuna ta da sandarsa, sai maƙwabcinsa yana tsaye a wurin ya ce haka ne.